Koyon iyo da gemu: yadda mai horarwa yake raba tafiya zango-zango

Masu bin labarin wasanni za su tuna da ranar 19 ga watan Satumba na shekara ta 2000, a wasannin Olimpik na birnin Sidne. Mutum uku aka jera don tseren iyo na mita 100. Biyu daga cikinsu, ɗan ƙasarmu Karim Bare da wani ɗan Tajikistan, suka faɗa ruwa kafin a ba da izni, aka fitar da su. Saura Eric Moussambani na Gine Ekwatoriyal, mai shekara 22, wanda ya fara koyon iyo ƴan watanni kafin wannan rana a ƙaramin tafkin wani otel. Ya ci mita 50 na farko da ƙarfinsa duka, a komowa hannuwa suka mutu, da ƙyar ya taɓa bango bayan minti 1 da daƙiƙa 52.72. Wanda ya ci zinariya a wannan tsere daƙiƙa 48.30 ya yi. Bayan ƴan shekaru na horo mai tsari, Moussambani ya sauko ƙasa da minti ɗaya, a 2012 kuma aka naɗa shi mai horar da ƴan iyon ƙasarsa.

Abin da ya rasa a Sidne, shi ne abin da mai horarwa yake ba babban mutum: sanin yadda ake raba ƙarfi. Zancen ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci, masu wuni a zaune cikin shago ko biro, waɗanda likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ruwa yana ɗauke nauyin jiki daga gwiwa da baya, don haka iyo ya dace da mai ƙiba. Sai dai ruwa ya fi iska kauri sau 800 ko kusa da haka, wanda ya shiga kokawa da shi ba da dabara ba, shi ne zai fara gajiya.

Mai horarwa na kirki ba ya fara ba da aiki sai ya yi tambaya: shekarunka nawa, me likita ya ce game da zuciyarka, kafaɗa tana ciwo, sau nawa za ka iya zuwa a mako? Sa'an nan ya auna ka. Wani awo da aka sani shi ne a yi mita 400 da iyakar ƙoƙari, a huta sosai, a yi mita 200. A ɗebe lokaci na biyu daga na farko, a raba abin da ya rage gida biyu. Misali, wanda ya yi mita 400 cikin minti 8, mita 200 kuma cikin minti 3 da daƙiƙa 40, bambancin minti 4 ne da daƙiƙa 20. Ke nan saurin da zai iya riƙewa na dogon lokaci minti 2 da daƙiƙa 10 ne a kowace mita 100. A kan wannan lissafi ake gina sauran aikin, da shi kuma ake raba mutane layi-layi cikin tafki, kowa da tsaransa a sauri. Alhaji mai shekara 55 yana iya zama layi ɗaya da saurayi mai 28.

Horon yini ɗaya yakan kasu huɗu. Na farko ɗumama jiki, kamar mita 300 a hankali. Na biyu gyaran hannu da ƙafa da numfashi: mita 50 sau 6, wani lokaci da hannu ɗaya, wani lokaci a riƙe allon roba a buga ƙafa kawai. Ana sa wannan da wuri domin jikin da ya gaji ba ya koyon sabon abu. Na uku shi ne uwar aiki. Na huɗu saukar da gajiya, mita 200 sannu-sannu. Duka yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda.

A uwar aiki ake gane gwanintar mai horarwa. Maimakon ya ce ka yi mita 800 a tafiya ɗaya, sai ya ce mita 100 sau 8, ana tashi duk bayan minti 2 da rabi. Mutumin misalinmu zai iso bango da saura daƙiƙa 20 na hutu. In ya yi gaggawa a zangon farko, zai biya bashin a na shida, babban agogon da ke bakin ruwa kuwa ba ya sassauci. Madugun ayari ya san wannan tun da daɗewa: zango da aka auna daidai shi ke kai raƙumi Bilma ya komo da shi. Ita dabarar ta fito ne daga masu gudu. Bajamushe Woldemar Gerschler ya tsara ta a shekarun 1930, sannan masu horar da ƴan iyo suka ɗauka, musamman James Counsilman na Jami'ar Indiyana a Amurka, wanda ya horar da Mark Spitz, ya kuma wallafa littafinsa kan ilimin iyo a 1968. Tsawon hutun shi ke canja amfanin aikin. Gajeren hutu da matsakaicin sauri yana ƙara juriyar zuciya da huhu. Dogon hutu da gajeren zango, kamar mita 25 da ƙarfi sannan hutun minti ɗaya, yana ƙara sauri.

Babba yana da nasa sharuɗɗa. Jikinsa ya fi na yaro jinkirin warwarewa, saboda haka ba a jera masa kwana biyu masu tsanani. In sau uku yake zuwa a mako, rana ɗaya ta juriya ce, ɗaya ta riƙe sauri, ɗaya ta gyaran dabara. Ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, bayan mako uku a sassauta mako guda. Kafaɗa ita ce ta fi saurin samun rauni, shi ya sa ake sauya salo, a yi na rigingine tsakani. Idon sawun babba ya riga ya sandare, sai a ba shi takalman roba masu faɗi su taimaka masa. Gasar riƙe numfashi ƙarƙashin ruwa kuwa, mai horarwa mai hankali yana hana ta, domin mutum yana iya suma ba tare da wani gargaɗi ba.

Kada wani ya ce lokaci ya wuce masa. Wani likitan sojan ruwan Amurka, Ransom Arthur, shi ne ya assasa gasar iyo ta manya a 1970. A 1986 aka yi ta duniya a Tokiyo. Ana shiga daga shekara 25, ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, har da masu 80 da 90. Counsilman kansa ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a 1979 yana da shekara 58.

A nan gida, tafkin siminti da ake ce ma pisin bai da yawa, galibi sai a otel-otel, mafi yawa kuma a Yamai. Wanda ya samu gajere yana iya bin wannan tsari, ya auna tsawonsa ya ƙidaya zango. Kogi da gulbi da tafkunan damina ba wurin horo ba ne: akwai tsargiya, akwai igiyar ruwa, babu bangon da za a dafa. Kafin a fara a ga likita, kuma kada a shiga ruwa sai da wanda ya iya a kusa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Duk wanda zai biya mai horarwa, ya tambaye shi tun ranar farko: zango nawa, da wane sauri, hutu nawa? In ya kasa amsa waɗannan uku, a riƙe kuɗin a nemi wani.

Sai mako mai zuwa.