Sharhi: Takin da ke kwarara a magudanan Kafanchan

Manomin citta a Kagoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, ya san kuɗin buhun takin NPK, amma ba lalle ya san cewa fosfaras ɗin da ke cikinsa daga ƙetare yake zuwa ba. Tun Disambar 2016, lokacin da aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin OCP na Maroko, daga can ake shigo da fosfet ɗin da masana'antun haɗa taki ke amfani da shi a shirin takin shugaban ƙasa. Maroko ce ke riƙe da kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin fosfet na duniya, don haka duk faɗuwar Naira sai ta isa gonar manomin da annobar citta ta 2023 ta riga ta karya wa jari.

Wannan sinadari kuwa yana fita daga jikin ɗan Adam kullum, a fitsari da bahaya. Masana a Jami'ar Delft ta ƙasar Holan sun ƙirƙiro hanyar tace gurɓataccen ruwa mai suna Nereda, wadda aka soma aiki da ita a garin Epe a 2011. Ana sarrafa ƙwayoyin bakteriya su dunƙule kamar ƙwayar gero, su riƙa nutsewa da sauri. Idan aka hana su iska sai su saki fosfaras, idan aka ba su iska sai su haɗiye fiye da buƙatarsu. Daga lakar da aka kwashe ana iya fitar da fosfaras ɗin, a zuba masa sinadarin magnisiyam, ya daskare ya zama taki mai narkewa sannu a hankali. Jamus ta kafa doka a 2017 da ta wajabta wa manyan matatunta tsamo fosfaras daga 2029.

Sai dai fasahar tana bukatar bututun da ke tattara ruwan gari wuri guda, da wutar lantarki mai ɗorewa don hura iska. Gidajen Kafanchan masai ne da ramin sokawe. Saboda haka abin da ya fi kusa da hannun Gwamnatin Jihar Kaduna shi ne keɓe wuri guda da motocin kwasar masai za su riƙa juyewa, a busar da lakar, a kashe cututtukan cikinta kafin ta isa gona. Sai an san yawan abin da ake tarawa kafin a yi batun matata.