RA'AYINMU: Shokin ɗin firji da sakacin da ya zame mana jiki

A gidaje da dama na ma'aikata, daga Kubwa zuwa Lugbe, daga Nyanya zuwa Mararaba, akwai wasu dokoki na kicin waɗanda ba a rubuta su ko'ina ba, amma kowane yaro ya haddace su. Kada a buɗe firji ba takalmi. A naɗe hannun firiza da tsumma kafin a ɗaga murfi. Kada a jingina da wurin wanke-wanke idan butar lantarki tana kunne. In baƙo ya shigo neman ruwan sanyi, sai a tare shi da murmushi a ce, "Yi a hankali, yana ɗan shokin." A yi dariya, a wuce. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a daina wannan dariyar, domin ɗan jan da ake ji a yatsa shaida ce cewa wuta ta riga ta bar hanyarta, ta hau jikin ƙarfen na'ura, tana jiran wanda zai zame mata gada zuwa ƙasa.

Yana da kyau a fahimci lissafin, tunda ba mai wahala ba ne. Wutar da ke shiga gidajenmu tana da ƙarfin bolt 230. Abin da ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, wanda ake aunawa da miliamfiya. Miliamfiya 1 ne kawai mutum ke ji kamar tsikari. Idan ta kai wajen 10 zuwa 20, tsokar hannu kan ƙage har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 50 zuwa 100 kuwa, in ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya cikin daƙiƙoƙi. Busasshiyar fata da takalmin roba su ne ke tare mafi yawan wutar, shi ya sa maigida da ya dawo daga ofis sanye da takalminsa yakan ji ɗan tsikari kawai ya ce ba komai. Amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa tsirara a kan tayil mai laima na iya ba da hanya ga wutar da ta haura miliamfiya 200. Firjin ɗaya ne, lahanin ɗaya ne. Bambancin kawai wanda ya taɓa da kuma halin da ya taɓa a ciki.

Su wa ke taɓawa da jiƙaƙƙen hannu? Amsar ita ce ta sa muke ganin wannan batu ya fi ƙarfin a bar shi ga masu gyaran wuta kaɗai. Ma'aikacin da ke zaune a Masaka ko Suleja yakan bar gida tun da duku-duku domin ya tsere wa cunkoso, ba ya dawowa daga Sakatariya sai bayan magariba. Hadimin minista ko na ɗan majalisa ma ba shi da lokacin tashi. Waɗanda ke yini a kicin su ne uwargida, da yaran da suka dawo daga makaranta, da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, wadda wataƙila ba ta taɓa ganin injin markaɗe na lantarki ba kafin zuwanta birni. Ita ce ke goge ƙasa da ruwa, ta miƙe ta buɗe firiza. Ita ce kuma ba za ta iya cewa maigida ya kira mai gyara ba. Wanda ke da ikon kashe kuɗin gyara shi ne wanda ya fi kowa nisa da haɗarin.

A ƙa'ida, bai kamata na'ura mai lahani ta ja kowa ba. Shi ya sa kan wayarmu yake da ƙafa uku. Doguwar ƙafar nan ta sama tana haɗa jikin ƙarfen na'urar da wayar ƙasa, wadda ke bi ta bango har zuwa sandar tagulla da aka kafa a cikin ƙasa a wajen gida. Idan wuta ta ɓalle a cikin na'ura, sai ta bi wannan hanya mai sauƙi maimakon jikin mutum, fis ya ƙone ko bireka ta faɗi. To amma mu duba yadda muke yi da wannan kariya. Kayan gwanjo da ake shigo da su daga Turai da yawansu kan waya mai ƙafa biyu zagayayyu ne da su. Sai a sa makulli ko murfin biro a danna ramin sama na soket, a tura ƙafafun biyu da ƙarfi. Na'urar za ta yi aiki, amma an yanke ta daga wayar ƙasa ke nan. Wasu ma yanke kan wayar suke yi baki ɗaya, su cusa tsirarun wayoyi a soket su tokare da tsinken ashana. In fis ya ƙone, a naɗa masa zaren waya a mayar. Ga kuma ekstenshan mai araha, wanda a waje yana da ramuka uku amma in an buɗe cikinsa waya biyu ce kawai siririya. A kansa ake jona butar da ke jan wat 2,000 tare da murhun lantarki da na'urar ɗumama abinci, alhali soket guda mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ne.

Ko da mai haya ya kiyaye duk wannan, ba shi da tabbacin cewa ramin saman soket ɗinsa yana haɗe da wani abu a cikin bango. A nan ne laifin ya tashi daga kan iyali ya koma kan masu gini da hukuma. Tun ran gini ran zane. Mai gidan da ke sauri ya kammala ya zuba 'yan haya yakan rage kuɗi ne a inda ido ba ya gani. Fenti da tayil kowa zai gani ranar da ejan ya kai shi duba gida, wayar ƙasa kuwa babu mai tambaya. Akan sayi waya mai fatar tagulla wadda cikinta alminiyam ne, akan kafa guntuwar sanda a busasshiyar ƙasa mai duwatsu, irin wadda ta yawaita a Abuja, ba tare da an auna ta ba. Da rani ya yi ƙasa ta bushe, sandar ba ta da wani amfani. Wani lokaci ma ɓarayin tagulla sun daɗe da cire ta, mutanen gida ba su sani ba.

Tsofaffin gidajen gwamnati ma ba su tsira ba. Rukunin gidajen Garki da Wuse an gina da yawansu ne kafin a dawo da fadar mulki Abuja a watan Disamba na 1991, an kuma yi musu wayarin daidai da kayan wancan zamani: ƙwan fitila, fanka, rediyo, da ƙaramin firji. Bayan tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi na 2003, da sayar da gidajen gwamnati da ya biyo baya daga 2005, nauyin kula da su ya koma kan waɗanda suka saya. An sauya rufi, an sa tayil, an ƙara ɗakuna a baya domin haya. Wayar da ta haura shekara 30 a bango tana nan yadda take, an kuma ɗora mata firiza, da hita, da na'urar sanyaya ɗaki, sannan aka raɓa mata janareta da inbata da sola, kowanne da mai gyaran da ya haɗa shi bisa iya saninsa.

Akwai wata 'yar na'ura da aka ƙera musamman domin ceton rai a irin wannan hali, kuma abin takaici ne yadda ba a san ta ba. Fis mai amfiya 13 ba ya ƙonewa sai wuta ta haura miliamfiya 13,000, wato aikinsa kare waya daga gobara ne. Kafin ya motsa mutum ya daɗe da mutuwa. Ita kuwa birekar gano yoyon wuta, wadda masu sana'ar ke kira RCD, tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar ta ga giɓin miliamfiya 30, sai ta yanke wutar cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ana ɗora ta ne a akwatin rarraba wuta na gida, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin hayar shekara guda a kowace unguwa ta Abuja. A ƙasashe irin su Ingila, dokar wayarin ta wajabta ta a kan soket na gidaje. A nan kuwa, inda aka sa ta ma, ba wuya mai gyara ya tsallake ta da guntuwar waya saboda wai tana yawan faɗuwa tana damun mutanen gida. Faɗuwar nan ita ce aikinta. Tana sanar da cewa akwai na'urar da ke yoyo.

Ba rashin doka ke damunmu ba. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da na wayarin tun 2015. A shekarar ce kuma aka kafa Hukumar NEMSA da doka, aka ɗora mata alhakin duba kayan wuta da ayyukan wayarin, da ba da shaidar ingancinsu, da tantance masu sana'ar. Dokar Lantarki ta 2023 ta sake tabbatar mata da wannan aiki. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. Tsofaffin firji da firiza suna cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su ƙasar nan, amma ga su jere a bakin titi ana ciniki da rana tsaka. Hukumar FCCPC tana da ikon sa a janye kaya masu haɗari daga kasuwa. Duk da wannan jerin hukumomi, muna ƙalubalantar mai karatu ya tuna ranar da aka taɓa nuna masa takardar shaidar duba wayarin gidan da yake haya, ko ranar da shi kansa ya nema.

Wani ɓangare na matsalar shi ne waɗannan mace-mace ba sa shiga lissafi. NERC tana wallafa adadin haɗurra a rahotanninta na kowane wata uku, amma alƙaluma ne da kamfanonin wuta ke kai mata, galibi kan abin da ya faru a layukansu da turakunsu. Yarinyar da hita ta ja a cikin bokiti, ko matar da aka tarar kwance a gindin firiza, sau da yawa ba a kai su asibiti ba, balle a rubuta sanadi. A yi jana'iza kafin la'asar, a ce kwana ya ƙare, firizar kuma ta ci gaba da aiki a inda take. Babu mai jayayya da ƙaddara. Sai dai barin na'urar da ta kashe mutum a jone, a gidan da ke da sauran yara, sakaci ne tsagwaronsa.

Muna sane da cewa aljihun ma'aikaci ya yi rauni. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A a watan Afrilu na 2024, da tsadar gas ɗin girki, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba ya kai mutum ko'ina. Wanda ya sayi firjin gwanjo ba don yana raina ransa ya saya ba, abin da ƙarfinsa ya kai ke nan. Shi ya sa muke ganin bai dace a tsaya ga yi wa talaka wa'azin ya sayi sabo ba. Kariyar da ke cikin bango ita ce ke rufa wa mai tsohuwar na'ura asiri, kuma wannan kariya haƙƙi ne a kan mai gida.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Gudanarwar Birnin Tarayya, ta hannun sashenta mai kula da tsarin gine-gine, da ta haɗa kai da NEMSA a wajabta takardar shaidar wayarin, mai nuna an auna sandar ƙasa an kuma sa RCD, kafin a ba da kowane sabon gida haya. Gwamnati ta fara da kanta. Gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya, da na shirin FISH da ke ƙarƙashin Ofishin Shugaban Ma'aikata, da duk wanda aka gina da kashi 2.5 cikin 100 da ake yanka daga albashin ma'aikata zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, bai kamata a miƙa makullinsu ba sai da wannan takarda. Ma'aikatar Lafiya kuma ta umarci asibitocinta su riƙa ware jan wutar gida a matsayin sanadi na daban a rajistarsu. Yawancin masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da ke hawa teburin manyan sakatarori da ministoci. Sun fi kowa sanin yadda ake sa batu ya shiga ajanda, kuma su ne 'yan hayar da abin ya shafa.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ba ya jiran sa hannun kowa. Na'urar da ta taɓa jan mutum ko sau ɗaya a zare ta daga soket har sai ƙwararre ya duba. Kada kowa ya kwance bayan na'urar ɗumama abinci da kansa, domin tana iya riƙe wuta mai kisa a cikinta ko bayan an zare ta. A koya wa kowa a gida, har da 'yar aiki, inda babban makunnin wuta yake. Idan wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu. A kashe makunnin, in bai samu ba a ture shi da busasshen katako. In ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira 112. Ɗura wa wanda ya suma madara ba magani ba ne, yana ma iya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba bugun zuciyarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Wanda kuma ya yi sa'a gidansa na da RCD, zai ga wani ɗan maɓalli a jikinta mai alamar T. A danna shi duk bayan 'yan watanni. Idan wutar gidan ta ɗauke nan take, tana aiki. Idan ba ta ɗauke ba, a kira mai gyara a ranar, a kuma rubuta wa mai gida takarda a ajiye kwafi.