Zare: Turnitin ba ya gane ɓarawo

1/ 'Yan aji huɗu, lokacin furojet ya yi. Tambaya ɗaya ce ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp: "Kaso nawa Turnitin ya ba ka?" Ba mai tambayar "ina ka samo wannan maganar?" A ganina nan gizo ke saƙar. Zaren na da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Wajen fitar da wannan kason, aikin Turnitin ɗaya ne: ya gwada rubutunka da abin da ke rumbunsa, ya nuna inda kalmomi suka zo iri ɗaya. Shi ke nan fa. Wanda ya ɗauko maganar wani ya faɗi mai ita zai iya samun kaso mai yawa. Wanda ya kwashe babi sukutum ya juya kalmomin da QuillBot zai iya fita fes.

3/ To a cikin biyun nan wa ya yi satar fasaha? Na biyun mana. In ka saci akuya ka shafe ta da shuni, har gobe akuyar mutane ce. Tunanin da wani ya sha wahala a kai shi ne kayan. Canza kalmomi bai mayar da shi naka ba.

4/ Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka ɗauko kalmomin mutum yadda suke: sa su cikin alamar zance, ka rubuta sunansa, shekara da shafi. Ka faɗi ra'ayinsa da kalmominka: har yanzu sai suna da shekara. Ka fassara daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa: nan ma haka. Sannan duk sunan da ya fito a ciki ya fito a manazarta.

5/ Abin da kowa ya sani, kamar a ce Najeriya ta samu 'yanci a 1960, ba ya buƙatar madogara. Amma alƙaluma, jadawali, taswira, sakamakon binciken wani, duk suna da masu su.

6/ Kuma don Allah a daina cewa wannan fitinar Bature ce. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi: wane daga wane daga wane, a bi mutanen ɗaya bayan ɗaya a ga ko abin dogaro ne. Manufar ambaton madogara ke nan. Mai karatu ya iya bin sawunka ya gani da idonsa.

7/ Sai ka ji an ce "ai ba mai karantawa, ajiye shi za a yi ya sha ƙura." A Jamus, ministar ilimi Annette Schavan ta rubuta kundin digirinta na uku a 1980. A 2013 jami'ar Düsseldorf ta ƙwace digirin, ta sauka daga muƙami. Shekara 33 tsakani. Ministar ILIMI fa.

8/ Kafin ita, a 2011, ministan tsaronsu Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka kan irin wannan. A 2012 shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, shi ma ya bi sahu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

9/ A gida ma mun gani. A Satumban 2016 an gano wani sashe na jawabin Shugaba Buhari an kwaso shi daga jawabin Obama na 2008. Fadar shugaban ƙasa ta amsa, ta ɗora laifin kan ma'aikacin da ya tsara jawabin. Jawabin kuwa a kan gyaran ɗabi'a ne.

10/ Sabuwar rigima ita ce ChatGPT. Ka ce ya ba ka manazarta, zai iya jero maka suna, shekara, sunan mujalla tsaf, alhali babu takardar a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ya ƙirƙira musu. Abin da ba ka buɗe ka karanta ba, kar ka sa shi.

11/ Amma fa a yi adalci, ba ɗalibi kaɗai ke da laifi ba. Shekara uku yana kwafe aikin gida daga intanet ana ba shi maki, ba wanda ya tanka. Sai a zangon ƙarshe a ce ya zama mai bincike. Ga shagunan buga takardu na sayar da tsofaffin furojet a fili, canza suna kawai za ka yi.

12/ Malamanmu, da girmamawa: a fara koya mana wannan tun aji ɗaya, a kan aikin gida mai shafi biyu. Ranar kare furojet kuma a zaɓi madogara uku a ce ɗalibi ya faɗi me ke cikinsu. Minti biyar sun isa a gane wanda ya yi karatu.

13/ Mu kuma ɗalibai, dabarar mai sauƙi ce. Duk abin da ka karanta, rubuta suna, shekara da shafi nan take, kar ka bari sai daren miƙawa. Zotero kyauta ne, zai jera maka su a tsarin APA ko wanda sashenku ke so. In za ka faɗi ra'ayin wani, rufe littafin tukuna, ka rubuta yadda ka fahimta, sannan ka sa sunansa.

14/ Gobe kai ne malamin makaranta, kai ne ɗan jarida, kai ne mai rubuta wa gwamnati rahoto. Hannun da ya saba da ɗaukar na mutane a aji huɗu ba zai daina don ya samu ofis ba. Ka tura wa ɗan ajinku da bai fara babi na biyu ba. Allah Ya ba mu sa'a.