Ɗaukar Hoto a Gidajen Tarihi: A Hana Walƙiya, a Bar Kyamara

Duk manazarcin da ya taɓa neman rubutun ajami ko tsohuwar riga a gidan tarihi ya san ɗakunan baje kolin ba su cika haske ba. Da gangan ake yin haka. Masana adana kayan tarihi sun daɗe da kayyade haske kimanin luks 50 ga takarda da tufafi da rinannun kaya, domin haske yana kashe launi yana ruɓar da zare, kuma ɓarnarsa taruwa take yi, ba ta gyaruwa. Daga nan ne dokar hana walƙiyar kyamara ta samo hujja. A ganina dokar daidai ce, sai dai a wasu wurare an miƙa ta har ta koma hana ɗaukar hoto ɗungurungum, wanda kuwa asara ce ga nazarin Hausa.

Binciken da David Saunders ya buga a 1995 a mujallar Gidan Zane-zane na Ƙasa da ke Landan ya nuna cewa walƙiyar kyamara ba ta fi hasken yau da kullum na ɗakin baje koli ɓarna ba, idan aka auna su da mudu ɗaya. Ke nan babbar hujjar guje mata tana wani wuri: walƙiya tana ɓata hoton kansa. Idan ta bugi gilashin akwati sai ta dawo fari fat a tsakiyar shafi. Idan ta bugi turkuɗi ko kore da ya sha bugu, sheƙin baba yakan rufe saƙar. Ɗinkin aska takwas kuwa, da yake hasken ta gaba yake zuwa, sai ya baje, tudun zaren ya ɓace.

Haka abin yake ga rubuce-rubucen da ke Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, da Gidan Arewa na Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Da yawa daga littattafan ƙarni na 19 an rubuta su a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku. Wannan tambari yana cikin jikin takardar, kuma yana taimakawa wajen kirdadon shekarun rubutu. Ba ya fitowa sosai sai an haska ta bayan takarda da haske mai sanyi. Walƙiya ɓoye shi take yi.

Dabarar aiki a ƙarancin haske ba ta da wuya. Hannu yakan yi rawa idan idon kyamara ya daɗe a buɗe fiye da kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, don haka a ɗora ta a kan mazauni mai ƙafa uku, a saita ta ta ɗauka bayan daƙiƙa 2 da latsawa. Da zarar ta kafu, ana iya barin ISO a 100 ko 200 don kada hoton ya yi tsaki-tsaki. Idan akwai gilashi, a matso da bakin kyamara kusa da shi, a kare gefe da baƙin ƙyalle. A ajiye awo da farin kati a gefen shafi, domin mai duba hoton ya san girma da ainihin launi.

Bisa ga haka, ina da shawara biyu. Gidajen tarihi su ware wa manazarta lokaci da izini a rubuce, su yarda da mazaunin kyamara, da sharaɗin a bar musu kwafin kowane hoto. Shafin da aka ɗauka da kyau sau ɗaya ya huta da hannaye, kuma idan gara ko damina suka ci asalin, akwai abin da ya rage. Sassan Hausa na jami'o'inmu kuma su saka wannan darasi cikin kwas ɗin dabarun bincike, yadda ake koyar da naɗar murya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.