Ku Kalli Yaƙin da Ba Shi da Jarumi

Mun cika wayoyinmu da yaƙin ƙarya. Daga Birnin Kebbi har Argungu, Ertugrul ake kallo: ya zare takobi, mutum goma sun zube, rigarsa fes. Yaranmu na tafi, sun ɗauka yaƙi ado ne.

Mai son gaskiya ya nemi All Quiet on the Western Front na 2022, da 1917 na Sam Mendes, da Paths of Glory na 1957. Finafinai ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda samari suka shafe shekaru cikin ramuka, ga laka, ga ɓeraye, ana mutuwa a kan 'yar ƙasar da ba ta kai gona ba. Ranar 1 ga Yulin 1916 kaɗai, a Somme ta Faransa, an kashe sojojin Birtaniya fiye da 19,000.

Wani zai ce yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu? Da ruwanmu. A wannan yaƙin aka kai sojojinmu Garwa da Mora ta Kamaru, suka fuskanci bindigogin Jamusawa. Kafin nan, tun faɗuwar Birnin Kebbi a 1805, Kabawa da Gwandu sun kusa ƙarni guda suna gwabzawa. Kirarin sarakuna ya iso mana. Sunan manomin da ya faɗi a gindin ganuwa fa, wa ya riƙe?

Yau ga Lakurawa a ƙofar gida, mutanen Mera sun shaida. Yaron da ya ga yadda soja ke kuka yana kiran uwarsa a cikin rami, da wuya a yaudare shi da bindiga da babur. Mu tura masa fim ɗin.