Talaka Ma A Ba Shi Ranarsa

Jama'a, ku kasa kunne. A ƙasar Polan ta Turai, ran 31 ga Agusta 1980, leburori masu ƙera jiragen ruwa a birnin Gidansk suka tilasta wa gwamnati da yajin aiki, har ta sa hannu ta yarda ma'aikata su kafa ƙungiyar kansu. Jagoransu Lek Walesa mai gyaran lantarki ne. A 2005 aka mai da wannan rana ranar tunawa ta ƙasa duka.

To, mu fa? Ashe ba mu da irin tasu?

Ran 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka taru a Kano suka kafa NEPU. A lokacin talaka bai isa ya ɗaga ido ya dubi hakimi ba. Ga haraji, ga jangali, ga aikin tilas. Wanda ya yanki katin jam'iyya, 'yan doka su kama shi, alƙalin En'e ya ɗaure shi. An ɗaure Gambo Sawaba, mace, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk da haka ba su ja da baya ba.

Ku tambayi tsofaffin Dutsi, wa ya sauke musu haraji da jangali? Gwamna Balarabe Musa ne, na jam'iyyar Malam Aminu Kano, a 1979, muna cikin Jihar Kaduna. Wa ya fara ba ma'aikata hutun 1 ga Mayu? Gwamnatin Abubakar Rimi ce a Kano, a 1980.

Za su ce ai ga 12 ga Yuni, wadda Shugaba Buhari, mutumin Daura, ya ayyana a 2018. Madalla, ba mu ƙi ba. Amma zaɓen 1993 reshe ne. Saiwar fa? Masu mulki ba sa son a tono ta, don kada jikokin talakawa su san cewa 'yanci ƙwato shi aka yi, ba kyauta aka ba su ba.

'Yan kasuwa, masu tebur da masu rumfa, duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a, ku ce masa ya kai batun 8 ga Agusta gaban majalisa a Katsina. In ya yi ta kame-kame, ku ma ku riƙe ƙuri'arku.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.