KAFIN A SAKE RUFE MAKARANTUN ƘASAR KATAGUM

Ran 27 ga watan Fabrairu na 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar Korona a Nijeriya, a birnin Ikko. Kafin ƙarshen watan Maris an rufe makarantu ko'ina cikin ƙasa, tun daga firamare har jami'a. Ran 24 ga watan nan kuma aka bayyana cewa Gwamnan Jihar Bauci, Sanata Bala Muhammad, shi ma ya kamu. Daga ran nan mutanen Azare da Cinade da Madara suka tabbata cewa abin da su ke ji a rediyo ya iso gida.

Wannan jarida tana kan ra'ayinta cewa rufe makarantu a lokacin nan daidai ne. Cuta ce sabuwa, babu rigakafinta, babu kuma wanda ya san iyakar ɓarnarta. Hukumar da ta bar yara cunkushe cikin azuzuwa a irin wannan hali ta ci amanar iyayensu. Abin da ya kamata a duba yanzu, tun da ƙura ta lafa, shi ne yadda aka bar iyaye cikin duhu wata da watanni, musamman waɗanda neman abinci ya kai su Kudu, suka bar 'ya'yansu a gida.

Mutumin Cinade da ke Agege ko Idi Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya sha wahala biyu a shekarar nan. Tun ran 1 ga Fabrairu Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a manyan sassan birni, watau sana'ar da dubban 'yan Arewa ke ci da iyali da ita. Ran 30 ga Maris aka sa dokar kulle a Ikko. Daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a kuwa ɗage hanin ba sai ran 1 ga Yuli. Cikin wannan tsakani labarin yawan mace-mace a Azare ya bazu, har Gwamnatin Jiha ta kulle Ƙananan Hukumomin Katagum da Giyaɗe da Zaki na kwana goma a watan Mayu, ana tsakar azumi. Ƙaramar Salla, wadda a al'ada ita ce lokacin ganin gida, ta zo ta wuce. Uba yana Kudu babu ciniki, babu hanyar tafiya, ɗansa yana gida babu makaranta, labari kuwa sai wanda aka tsinta a waya, rabinsa jita-jita.

Iyayen almajirai su ne suka fi kowa ganin tashin hankali. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka shirya mai da ko wane almajiri jiharsa ta asali. Aka yi ta lodin yara a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, ana killace su kwanaki kafin a sallame su, an kuma sami waɗansu a cikinsu ɗauke da cutar. Killace wanda a ke zato ya kamu hikima ce da likitoci suka yarda da ita, addini ma bai hana ba. Amma yaro ɗan shekara takwas ko tara ba buhun gero ba ne. Ya cancanta a rubuta sunansa da na mahaifinsa da na malaminsa, a kuma sanar da gida inda ya ke da ranar da za a sallame shi. Uban da ya damƙa ɗansa ga malami a Kano, sa'an nan ya ji an kwashe almajirai, yana da hakkin sanin inda aka kai nasa.

Da aka zo maganar buɗewa sai ruɗani ya ƙaru. A farkon Yuli aka ce za a fara jarrabawar WAEC ran 4 ga Agusta. Ran 8 ga Yuli Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, wanda shi ma ɗan Azare ne, ya ce makarantun Gwamnatin Tarayya ba za su buɗe domin jarrabawar ba, yana ganin gara a yi hasarar shekara guda da a jefa yara cikin haɗari. Kafin watan ya ƙare aka sake shawara, 'yan ajin ƙarshe suka koma ran 4 ga Agusta, aka fara jarrabawa ran 17. Kwalejojin Tarayya ba su karɓi sauran ɗalibai ba sai ran 12 ga Oktoba. Da cutar ta sake tasowa a ƙarshen shekara aka jinkirta komawa hutu har ran 18 ga Janairu na 2021. Ba a zargin kowa da mugun nufi. Amma magana uku cikin wata guda ta isa ta sa mai ƙaramin ƙarfi ya rasa ranar da zai nemi kuɗin mota da na guzuri, ta kuma sa ya yi shakkar duk abin da hukuma za ta faɗa gaba.

Ƙa'idodin da aka shimfiɗa domin buɗewa masu kyau ne a takarda, watau wanke hannu da sabulu, da sa takunkumi, da auna zafin jiki a bakin ƙofa, da ba da tazara tsakanin ɗalibai. Sai dai duk wanda ya san makarantun karkarar Arewa ya san akwai da yawa da babu rijiya a harabarsu, ya san ajin da yara ke zaune gwiwa da gwiwa a ƙasa, ya san kuma ɗakunan kwana inda numfashin wannan ke shiga hancin wancan. Tsoron da iyaye suka nuna ba jahilci ba ne, lissafi ne na mutanen da suka san wurin. Darussan da aka riƙa bayarwa ta rediyo da talabijin sun taimaki waɗansu, amma yaron da ke gona tun faɗuwar damina, a gidan da rediyo ɗaya ne kuma na maigida, kaɗan ya tsinta.

Babbar hasara kuwa ita ce wadda ba ta da kururuwa. An rufe makaranta da rani, aka buɗe da kaka, lokacin da ko wane hannu ya ke da amfani wajen yankan gero da cirar gyaɗa. Wata shida da 'yan kai sun isa a ɗaura wa yarinya aure, sun isa saurayi ya ɗanɗani kuɗin hannunsa ya bi yayyensa ci-rani. Ƙofar makaranta ta buɗe, amma ba dukan waɗanda suka fita ta cikinta ne suka komo ba.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. A 2014 cutar Ibola ta sa an jinkirta buɗe makarantu har ran 22 ga Satumba. A 2023 mashaƙo ya addabi Kano da Yobe da Bauci, yara ne kuma ya fi kamawa. A farkon 2024 sanƙarau ya kashe ɗalibai a makarantun kwana na Potiskum da kewaye, nan maƙwabtan Katagum. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Gwamnatin Jihar Bauci da Ƙaramar Hukumar Katagum, ko wace jam'iyya ke riƙe da su, da su yi abu huɗu tun ana zaune lafiya. Na farko, ko wace makaranta ta sami ruwa da sabulu da bayan gida, domin ran annoba ba ranar haƙar rijiya ba ce. Na biyu, ko wane shugaban makaranta da ko wane alaramma ya ajiye littafi mai sunayen yara da iyayensu da lambar wayar da za a same su, ko suna Cinade ko suna Ikko. Na uku, sanarwar rufewa da ta buɗewa ta fito daga baki ɗaya, da Hausa, ta rediyo, ta kuma bi ta fadar Mai Martaba Sarkin Katagum zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai. Ta wannan hanya aka yaƙi shan-inna har aka tabbatar da kawar da nau'inta na daji daga Afirka ran 25 ga Agusta na 2020, babu dalilin da zai hana ta yi wa ilmi aiki. Na huɗu, duk ran da aka koma, a kira suna, a bi wanda bai amsa ba har gida.

'Yan ƙasar Katagum mazauna Kudu su ma da nasu kason. Kusan ko wane zango yana da ƙungiyar 'yan gari da ke tara kuɗi domin biki da rasuwa da kai gawa gida. Asusun da ya iya ɗaukar gawa daga Ikko zuwa Azare zai iya gyara famfon makarantar firamare, ya sayi sabulun zango guda. Ko wane magidanci kuma ya wakilta wani amintacce da zai zauna a madadinsa a taron iyaye da malamai, ya riƙe lambar malamin ajin ɗansa kamar yadda ya riƙe ta dillalinsa, ya tabbata an yi wa yaransa allurar rigakafi. Aika kuɗi gida wajibi ne, amma bai sauke nauyin sanin ajin da yaro ya ke ba, da ko yana zuwa.

Allah Ya kiyaye ƙasar nan daga annoba, Ya shirya mana zuriya.